Saƙon da Ya Ƙi Yankewa: Abin da Ciwon Gwaggo Ya Koya Mana Kan Sankarar Mahaifa



Bara, daidai lokacin da masara ta bushe a gona, mun je hutu gida, wani ƙauye da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Wata rana bayan la'asar muna tsakar gida muna ɓare masara, sai Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta yafito mu da hannu zuwa ɗakinta. Ta saki labule, ta rage murya.

"Ku 'yan boko, ina da tambaya. Baƙon nan na wata-wata da ya ɗauke mini shekara shida ke nan, ya dawo. Ba shi da yawa, ɗan ɗigo ne, ya zo ya tafi. In ajiye salla ne ko kuwa?"

"Gwaggo, tun yaushe?"

"Tun kafin azumi."

Muka ƙirga a zuci, wata bakwai. Muka ce mata batun salla na malamai ne, su za ta tambaya, amma batun jinin na likita ne, kuma bai kamata a kwana biyu ba a je ba. Ta yi dariya ta ce, "Ai ba ya mini ciwo. A bari a gama kaka a sayar da masara tukuna."

Abin da ya sa gabanmu ya faɗi shi ne, a zangon karatun da muka kammala a jami'a an koya mana yadda ƙwayoyin halittar jiki ke karɓar umarnin girma, da abin da ke faruwa idan umarnin ya ƙi yankewa. Misalin da malaminmu ya kawo kuwa shi ne sankarar shimfiɗar mahaifa. Wannan darasi muke so mu kawo muku yau.

Wace sankara ake nufi?

Da yawa daga cikinku kun ji labarin sankarar bakin mahaifa, musamman tun da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta a watan Oktoba na 2023. Waccan ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa ta, kuma ita da sankarar mama su ne suka fi addabar matan ƙasar nan. Wadda muke magana a kai daban take. Tana tasowa ne a can cikin mahaifa, a jikin lallausar shimfiɗar da ke lulluɓe da bangonta, wadda ita ce ke zubewa duk wata a matsayin jinin al'ada. Allurar HPV ba ta kare mace daga gare ta, kuma ba a ɗaukar ta daga wani. Ta fi kama matan da suka haura shekara 50, waɗanda al'ada ta ɗauke musu. Ƙididdigar cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 mata kimanin 417,000 ne suka kamu da ita a duniya, kimanin 97,000 kuma suka rasu. Ita ce ta shida cikin sankarar da ta fi kama mata.

Kafin mu shiga mahaifa, bari mu fara biyawa ta gona.

Darasi daga wuta-wuta

Duk ɗan manomi a Bakori ko Ƙafur ko Danja ya san wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da wasu ke kira ƙuduji, wadda ke tsotse dawa da masara har su ƙanƙance. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, kuma yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 bai tsiro ba. Ruwan sama kaɗai ba ya tayar da shi. Jira yake ya ji wani sinadari da saiwar dawa ko masara ke fitarwa. A cikin irin akwai wani furotin da aikinsa kawai shi ne ya kama wannan sinadari. Da zarar ya kama shi, sai irin ya farka ya tsiro ya nemi saiwar ya liƙe mata.

Abin sha'awa, masana a Amurka sun fara gano irin wannan sinadari ne a 1966 daga saiwar auduga, amfanin gonar da aka san Funtuwa da Malumfashi da shi. Auduga na fitar da saƙon, wuta-wuta ta tsiro, amma ba ta iya kama saiwar auduga, sai ta mutu cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa malaman gona ke ba da shawarar a riƙa juya gonar dawa da auduga ko waken suya.

Ku riƙe abu uku daga nan: akwai saƙo, akwai mai karɓar saƙo, akwai kuma aikin da ke biyo baya. Mai karɓar saƙon nan za mu riƙa kiransa makarɓi. Haka jikinmu yake. A jikin babban mutum akwai ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, kuma lafiyayyiyar ƙwaya ba ta rabuwa gida biyu sai an aiko mata da izini. A darasin Bayoloji an koya muku yadda ƙwaya ke rabuwa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wa ke ce mata ta fara, wa kuma ke ce mata ya isa.

Ƙwan kaza, jariran ɓera da kyautar Nobel

Wadda ta buɗe wannan ƙofa wata likita ce 'yar Italiya, Rita Levi-Montalcini. A 1938 gwamnatin Mussolini ta kafa dokar da ta hana Yahudawa aiki a jami'o'i, sai ta mai da ɗakin kwananta a birnin Turin ɗakin bincike, tana nazarin yadda jijiyoyi ke tsirowa a jikin ɗan tsakon da ke cikin ƙwai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta koma Amurka, inda a farkon shekarun 1950 ta gano cewa akwai wani sinadari da ke sa jijiya ta girma.

Abokin aikinta, Stanley Cohen, ya lura da wani abu daban. Idan ya yi wa jariran ɓera allurar ruwan da ya tace daga maɓuɓɓugar yawun ɓera, sai su buɗe ido tun suna da kamar kwana bakwai, maimakon kusan mako biyu, haƙoransu ma su fito da wuri. Ya bi diddigi har ya ware furotin ɗin da ke yin haka a 1962, aka sa masa suna EGF. Daga baya ya gano makarɓinsa a jikin ƙwaya. A 1986 aka ba su kyautar Nobel su biyu. Irin waɗannan sinadarai su ake kira sinadaran girma, mu kuwa za mu ce musu 'yan aiken girma.

Yadda saƙon ke shiga

Ɗan aiken girma ba ya shiga cikin ƙwaya. A bakin ƙofa yake tsayawa. Makarɓi wani furotin ne da ya huda fatar ƙwayar, kansa na waje kamar eriyar rediyo, ƙafarsa na ciki. Idan ɗan aike ya zauna a kan makarɓi, sai makarɓin ya matsa ya haɗu da ɗan uwansa su zama biyu. Haɗuwar nan ita ke sa ƙafafunsu na ciki su liƙa wa juna wani ɗan gutsuren sinadari mai suna fosfet. Kun san shi, ɗan gidan fosforas ne, wato harafin P ɗin da ke jikin buhun takin NPK. Fosfet ɗin kamar tambarin ofis yake a kan takarda. Da zarar an buga shi, wasu furotin da ke cikin ƙwayar sai su gane cewa umarni ya zo, wannan ya miƙa wa wannan, har saƙon ya isa cibiyar ƙwaya inda kundin gado, wato DNA, yake. Daga nan sai ƙwayar ta fara shirin rabuwa.

Manyan hanyoyi biyu saƙon ke bi. Ɗaya ta fara da wani furotin mai suna RAS, ita ce ke cewa "ki rabu". Ɗayar ta fara da PI3K ta bi ta AKT zuwa mTOR, ita kuma cewa take "ki ci abinci, ki ƙara girma, kada ki mutu". A kan wannan hanya ta biyu akwai wani mai gadi, PTEN, wanda aka gano a 1997. Aikinsa shi ne ya goge tambarin da PI3K ya buga. In PI3K totur ne, to PTEN birki ne.

Jikin ɗan Adam na da irin waɗannan makarɓai kala 58. Huɗu daga cikinsu ne suka fi shafar labarinmu: EGFR, da ɗan uwansa HER2, da FGFR2, da kuma makarɓin wani ɗan aike mai kama da insulin da ake kira IGF-1.

Gonar da ake sharewa duk wata

Da wuya a sami wani sashe na jiki da ke girma ya zube ya sake girma kamar shimfiɗar mahaifa. Bayan al'ada kaurinta 'yan milimita kaɗan ne, amma kafin wata ya zagayo tana iya haura milimita 10. Mace na iya maimaita wannan har kusan sau 400 a rayuwarta.

Sinadarai biyu ne ke jan ragamar aikin, dukansu daga ma'ajiyar ƙwan mace suke fitowa. A rabin farko na wata, istirojin ne ke mulki. Shi ke sa ƙwayoyin da ke tallafe da shimfiɗar su saki 'yan aiken girma irin su IGF-1 da dangin EGF, su kuma su je su ce wa ƙwayoyin saman shimfiɗar su rabu. Bayan ƙwai ya fita, sai furojestaron ya karɓi ragama. Shi kuma cewa yake "ya isa haka". Ɗaya daga cikin dabarunsa ita ce ya sa a samar da wani furotin da ke kama IGF-1 ya riƙe shi, ya hana shi isa ga makarɓinsa. Idan ba a sami ciki ba, sai sinadaran biyu su sauka, shimfiɗar ta zube.

Kun ga ke nan lafiyar mahaifa na rataye ne a kan daidaito tsakanin "ki girma" da "ya isa". Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu, sai ta kwafi kundin gadonta gaba ɗaya, kuma mai kwafar rubutu mai yawa ba ya rasa kuskure. Yawan rabuwa, yawan kuskure. Akasarin kurakuran jiki na gyara su, ko kuma ba su da illa. Amma idan kuskure ya faɗa a kan umarnin da ke ƙera makarɓi ko birki, daga nan matsala ke farawa.

Hanyoyi huɗu da abin ke lalacewa

Ta farko, saƙo ya yi yawa. Bayan al'ada ta ɗauke, ma'ajiyar ƙwai na daina aiko da furojestaron. Amma kitsen jiki na iya ci gaba da sarrafa istirojin. Saboda haka mace mai ƙiba sosai, mahaifarta na ta jin "ki girma" shekara da shekaru ba tare da mai cewa "ya isa" ba. Idan aka haɗa da ciwon suga irin na manya, inda insulin ke yawa a jini, sai abin ya ƙaru, domin yawan insulin na rage furotin ɗin nan da ke riƙe IGF-1. Wannan ne ya sa ƙiba ke kan gaba cikin abubuwan da ke jawo cutar. Haka nan fara al'ada da wuri, da ɗaukewarta a makare, da rashin fitar ƙwai a kai a kai, duk suna ƙara tsawon lokacin da istirojin ke mulki shi kaɗai. Ciki kuwa lokaci ne na furojestaron mai yawa, shi ya sa haihuwa ke rage hatsarin. Ku lura, ragewa take yi, ba kawarwa ba. Gwaggo 'ya'yanta bakwai.

Ta biyu, makarɓai su yi yawa. Wani lokaci ƙwaya na yin kuskuren kwafar umarnin HER2 sau da yawa, sai fatarta ta cika da shi maƙil. Shi HER2 ba ya ma jiran ɗan aike nasa na kansa. Idan suka yi cunkoso sai su riƙa haɗuwa biyu-biyu suna aika saƙon da ba wanda ya aiko. Ana samun wannan a wani nau'in sankarar mahaifa mai saurin yaɗuwa da likitoci ke kira siros, a kimanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na masu shi.

Ta uku, makarɓi ya maƙale a kunne, kamar hon ɗin motar da ya ƙi yin shiru bayan direba ya ɗauke hannu. A 2007 wata masaniya mai suna Pamela Pollock da abokan aikinta suka gano irin wannan kuskure a FGFR2. Yana nan a kimanin 1 cikin 10 na nau'in sankarar mahaifa da aka fi samu.

Ta huɗu, makarɓi lafiya lau, amma abin da ke ciki ya lalace. PTEN ya ɓace, ko PI3K ko RAS su maƙale. Ku ɗauka babur ne a kan gangara, totur ya maƙale, birki ya tsinke. A 2013 wata babbar ƙungiyar masana a Amurka ta karanta kundin gadon sankarar mahaifa ta mata 373. Sun tarar cewa cutar ba guda ɗaya ba ce, ta kasu gida huɗu, kuma a nau'in da aka fi samu mafi yawan marasa lafiyar birkin PTEN ɗinsu ya lalace.

Idan kuna son ganin abin da umarnin girma marar iyaka ke yi, ku tuna maganin feshin nan 2,4-D da ake kashe ciyawa mai faɗin ganye da shi a gonar masara da shinkafa. Ba ƙona ciyawar yake ba. Kwaikwayon sinadarin girman tsiro yake yi, sai ciyawar ta kama girma ba tsari, ta murɗe, ta karkace, ta mutu. Manomin auduga ya san ko iska ce ta kwaso masa feshin daga gonar maƙwabci, ganyen audugarsa sai ya nuna.

Akasarin waɗannan kurakurai a cikin rayuwa suke faruwa, ba gadonsu ake yi ba. Sai dai akwai 'yan gidajen da ake gadon raunin gyaran kundin gado, abin da likitoci ke kira larurar Lynch, inda za a ga sankarar hanji da ta mahaifa na maimaituwa a dangi. Ba jifa ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma laifin matar ba ne.

Maganin da ke neman makarɓi

Me ya sa masana suka sha wannan wahala ta bin diddigin furotin ɗaya bayan ɗaya? Saboda wanda ya san inda rufi ke yoyo shi ke iya toshe shi. Magungunan sankara na asali, waɗanda ake ce wa kemo, suna kashe duk ƙwayar da ke saurin rabuwa, har da ta gashin kai da ta hanji, shi ya sa suke wahalar da mai jinya. Sababbin kuwa wurin da ya lalace suke nema.

A 1998 aka amince da wani magani mai suna trastuzumab don sankarar mama. Yana liƙe wa HER2 daga waje ya dagula masa aiki, ya kuma nuna wa sojojin jiki ƙwayar. A 2018 likitoci a Amurka, ƙarƙashin Amanda Fader da Alessandro Santin, suka gwada ƙara shi a kan kemo ga mata masu sankarar mahaifa nau'in siros mai yawan HER2. Tsawon lokacin da cutar ke lafawa kafin ta ci gaba ya tashi daga wata 8 zuwa fiye da wata 12. Akwai kuma lenvatinib, wanda ke shiga cikin ƙwaya ya toshe ƙafar wasu makarɓai, har da FGFR da kuma waɗanda sankara ke amfani da su wajen janyo wa kanta sababbin jijiyoyin jini. A 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a haɗa shi da wani maganin da ke zaburar da garkuwar jiki ga matan da cutar ta yi nisa. Shi kuwa mTOR, sunansa ma daga wani magani ya samo asali, rapamycin, wanda aka samu daga wata ƙwayar bakteriya a cikin ƙasar da aka ɗebo daga tsibirin Rapa Nui a tekun Pasifik.

Amma kada ku ɗauka an gama. An gwada magungunan da ke toshe EGFR a sankarar mahaifa, amfaninsu bai taka kara ya karya ba. Dalilin yana cikin abin da muka riga muka faɗa. Idan matsalar birkin ciki ce, rufe ƙofar waje ba ya tsayar da komai. Sannan ko an toshe hanya ɗaya, sankara na iya komawa ta biyun, kamar yadda ruwan ban-ruwa a fadama ke neman wata kafa idan aka datse masa wannan. Ga kuma tsada, domin irin waɗannan magunguna sun fi ƙarfin aljihun akasarin manoma. Dole ne kuma a fara gwada naman cutar a tabbatar makarɓin da ake nema yana nan, in ba haka ba an yi asarar kuɗi da lokaci.

Makamin da ke hannunmu

Ga labari mai daɗi. Wannan sankara na daga cikin masu sallama da wuri. Kimanin mata 9 cikin 10 da ke da ita suna ganin jini bayan al'ada ta ɗauke. A ɗaya ɓangaren kuma, cikin matan da ke ganin irin wannan jini, kimanin 1 cikin 10 ne kawai ake samu da sankarar. Saura wasu dalilai ne masu sauƙi. Ke nan zuwa asibiti ba yanke wa kai hukunci ba ne. Likita zai yi hoton ciki ya auna kaurin shimfiɗar, in ya ga dalili ya ɗebi ɗan nama kaɗan a duba a madubin likita. Idan aka same ta tun ba ta fita daga mahaifa ba, tiyatar cire mahaifa ita ce babban magani, wani lokaci a ƙara da gashi. A ƙasashe irin su Amurka, fiye da 9 cikin 10 na matan da aka gano tasu a wannan mataki suna raye bayan shekara 5. Idan ta bazu zuwa wasu sassan jiki, labarin ya sha bamban. Abin da ke tsakanin labaran biyu, sau da yawa, watannin da aka yi ana jira ne.

Mu a wannan yanki ba mu yi nisa da taimako ba. Akwai Babban Asibitin Funtuwa da na Malumfashi inda za a fara. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, wanda ke da sashen kula da masu sankara, yana kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, bayan an wuce Giwa. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Abin da ya fi hana iyayenmu zuwa shi ne kunya, da tunanin cewa abin da ba ya ciwo ba cuta ba ne, da kuma jiran kuɗin kaka.

A nan ne kuke da aiki. Ke ɗaliba, ke ce mai shiga ɗakin Inna da na Kaka ba shamaki. Cikin ladabi ki faɗa musu jumla ɗaya tak: duk jinin da ya zo bayan al'ada ta ɗauke shekara guda, ko ɗigo ɗaya ne, ko ruwa-ruwa mai launin jini, a kai wa likita. Haka nan idan al'ada ta rikice, tana zuba da yawa ko tana zuwa a tsakanin wata. Kai ɗalibi, in kunya ta hana ka faɗa da bakinka, ba yayarka wannan shafi ta karanta musu, kai kuma ka tsaya wa batun mota da rakiya, ka yi wa Baba bayani cewa wannan ba abin jira ba ne. Ku kula da jikinku tun yanzu: motsa jiki, rage lemon kwalba da kayan zaƙi, da raka iyaye masu ciwon suga su riƙa zuwa awo. 'Yan mata kuma a karɓi allurar HPV, domin ita ma waccan sankarar tana nan.

Akwai kuma aiki na gaba. A Amurka an lura cewa baƙaƙen mata sun fi kamuwa da nau'in siros, kuma mutuwarsu daga sankarar mahaifa ta kusa ninka ta fararen mata. Wannan tambaya ce da ta shafe mu kai tsaye, kuma masu amsa ta suna iya fitowa daga ajin da kuke zaune. Ba sabon abu ba ne a yi binciken da duniya za ta karanta daga ƙasarmu. A shekarun 1970 masana daga Jami'ar Ahmadu Bello da Ingila sun zauna a Malumfashi suna nazarin zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da saran maciji, kuma har yau ana ambaton sakamakon aikinsu. Malumfashi na da makarantar ungozoma. Mai duba nama a madubi, da ma'aikaciyar jinya, da mai haɗa magunguna, da likitan mata, duk daga Bayoloji da Kimistirin da kuke shirya wa WAEC da NECO suke farawa.

Gwaggo dai ba ta jira kaka ba. Mun kai maganar wurin mahaifinmu a daren, ya yi shiru na ɗan lokaci, washegari ya sayar da tinkiya biyu. Aka yi hoto, aka ɗebi nama, aka tura ta babban asibiti. Sakamakon ya nuna sankara ce, amma ba ta fita daga mahaifa ba. An yi mata tiyata, kuma har yanzu tana komawa ana duba ta lokaci-lokaci, domin likitoci sun ce sai an yi shekaru ana sa ido. Da muka je gida a hutun nan, mun tarar da ita a tsakar gida tana tsince wake, tana ba wasu maƙwabta mata biyu labari. Ta ɗago ta gan mu ta ce, "Yawwa, ga 'yan bokon nan. Ku zo ku maimaita musu abin nan na totur da birki."

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba ku sa'ar karatu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.